Sifeton Awo da Kifin Cikin Tulu

Ranar Talata, sha huɗu ga Yuli, 1998, gari ya waye da yayyafi mai naci, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana shanya bushewa. A safiyar nan Yaya, maƙwabciyarmu, ta sauko daga bene da akwati biyu, za ta tafi wajen 'yarta da ke dab da haihuwa, ta tsaya a bakin ƙofarmu ta damƙa mini mabuɗinta.

Gidan haya ne mai hawa biyu. Mu muna ƙasa, ita tana samanmu daidai. Tun rasuwar mijinta babu abin da take ji da shi kamar akwatin gilashin kifayen da ya bari a falo. Tsawonsa ya kai na doguwar kujera, da ciyayi a ciki, da ɗan inji mai hura iska, da wani tulun ƙasa a kwance a kusurwa. Kifayen ƙanana ne, jajaye da ruwan ɗorawa, in ban da guda ɗaya faffaɗa mai launin azurfa wanda take kira Tsoho. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda marigayin ya zuba da hannunsa. Kullum sai ta gaishe shi kafin ta gaishe mu.

Ta ce in riƙa zuba musu abinci da safe, abin da yatsa biyu suka ɗauko, kada in ƙara. Ta ce ko duka za su mutu ta dawo ta tarar da Tsoho. Sannan ta leƙa bayana, ta hango maigidana yana koya wa direban tasi yadda ake ɗaure kaya, ta rage murya.

"Mai awon nan naki kuma, kada ya taka mini falo."

Na yi mata alkawari.

Maigidana ya yi aikin gwamnati ne a matsayin sifeton awo, yana bin kasuwanni yana duba sikeli da mudu. Da ya yi ritaya sai ya dawo da aikin gida. Ya auna burodin da nake saye, ya auna matakalar bene, ya taɓa shiga shagon Tela da ke jikin gidanmu ya sanar da shi a gaban masu kawo ɗinki cewa tef ɗinsa ya gaza da rabin inci. Tun daga ranar Tela ke gaishe shi da ka kawai. Har yau kowa Sifeto yake ce masa, shi kuma ba ya amsa wani suna.

Ba a yi mako ba ya biyo ni sama, wai zai duba ko an rufe tagogi saboda ruwa. Bai kalli taga ko ɗaya ba. Ya durƙusa gaban gilashin, kuma cikin rashin sa'a a daidai lokacin wani kai mai gashin baki ya leƙo daga bakin tulun, ya dube mu, ya koma.

Ya tambaye ni wane iri ne. Na ce daga gani dai dangin tarwaɗa ne, amma Yaya ba ta taɓa yi mini maganarsa ba, ban san sunansa ba.

"Ba ki sani ba," ya ce, fuskarsa ta cika da murna kamar an yi masa albishir.

Ya sauka ya ɗauko wani ƙaton littafin dabbobi da ya saya a gwanjo, ya bi hotunan kifaye ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi kama da kan da ya gani. Kafin in gama shirin ofis ya yanke hukunci: abin da ba ya cikin littafi ba a gano shi ba tukuna. Shi zai auna shi, ya bayyana siffarsa, ya aika wa masana, a laƙaba wa kifin sunansa da 'yar wutsiyar harshen Latin a ƙarshe, yadda masana ke yi. Na tuna masa cewa littafin ba shi da bango, kuma rabin shafukansa sun tafi tun kafin ya zo hannunsa. Ya ce masu hassada ba sa rasa abin faɗa.

Ni sakatariya ce, ina fita da safe sai yamma. Mabuɗin yana cikin jakata. Abin da ban sani ba shi ne jakar ta kwana babu shi a ciki sau ɗaya, kuma mai yankan mabuɗi yana bakin titi.

Wata yamma na dawo na same shi a tsakar gida ya tara Tela da Mai Kemis da Saje, tsohon sojan da ke ɗakin ƙofa, yana yi musu bayani da rula a hannu. Ya ce ranar farko da kifin ya fito ya bi jikin gilashi, ya kara rula ya sami inci huɗu, jiki mai ɗige-ɗige, gashin baki shida. Bayan kwana biyu ya sake aunawa ya sami inci bakwai, baƙi wuluk, gashin baki takwas. Yau kuma inci uku, gajere mai tumbi, da ratsin fari a gefe. Wato kifi ne mai miƙewa ya tsuke, ya kuma sauya riga yadda ya ga dama. Duniya ba ta taɓa jin irinsa ba.

Mai Kemis ya ce shi ma yana da ɗan'uwa haka, in ya zo neman taimako gajere ne, in ya samu sai ya yi tsawo. Saje ya tambaya ko ana cinsa. Tela bai ɗago daga bakin wandon da yake farkewa ba, ya ce wataƙila rular ce ta gaza da rabin inci.

Da muka shiga ɗaki na karɓe mabuɗin da ya yanka, ya miƙo ba musu. Daga baya na gane biyu ya yanka. Na kuma tambaye shi abin da ke raina.

"Malam, anya kifi ɗaya ne?"

Ya dube ni da tausayi. Ya ce duk tsawon aikinsa, in ma'auni ya ba da amsa biyu, to kayan ne suka sauya a hannun mai su, ma'auni ba ya ƙarya. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin kai biyu a bakin tulun. Na ce a'a. Ya ce to. Na ce ai da sauƙi, a ɗaga tulun a gani. Nan ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ita ce maganar wanda bai taɓa riƙe doka ba. Sifeto ba ya buɗe abin da yake bincike a kansa sai a gaban shaidu, in ya buɗe shi kaɗai shari'a ta lalace, kowa zai ce shi ya saka abin da aka gani. Tulu zai zauna yadda yake har ranar da za a tara mutane.

Kumfar injin iska tana hana shi ganin layin rula, sai ya kashe injin. Ya tafi salla, ya tsaya gyara wa wani mai lemo sikeli, ya manta. Na hau da yamma na tarar da kifayen duka a saman ruwa suna hamma, jajaye biyu sun juya ciki sama, Tsoho ya jingina da gilashi kamar mara lafiya a layin asibiti. Na kunna injin, na zauna a gaban Tsoho har ya miƙe. Sifeto ya ce jajayen da ma ba su da ƙwari, kowane bincike yana da 'yan asararsa.

Sai ya lura kifin ba ya son haske, ya saki labulen Yaya duka, ya kashe fitilar akwatin. Ciyayin suka yi ruwan ƙasa suka fara narkewa. Ya ga har yanzu kifin ba ya daɗewa a waje, ya yanke shawarar jawo shi da abinci mai ƙarfi. Ya yanki hantar da na aje a firji ya jefa masa rabi. Kwana biyu ruwan ya koma kamar na wankin kwano, wari ya sauko ta matakala. Saje ya hau da sanda yana neman mushen ɓera. Matar Tela ta tare ni a ƙofa ta tambaya a hankali ko mun tabbata Yaya ta yi tafiyar.

Don ya gyara ɓarnar kafin in dawo, ya ari tiyo wajen mai wankin mota zai zuƙe ruwan. Wani ya gaya masa ana tsotsar bakin tiyon ne har ruwa ya taso. Bai gaya masa lokacin da ake saki ba. Mai Kemis ya ce bai taɓa sayar wa mutum ɗaya maganin gudawa mai yawa haka ba, ya kuma tambaye shi ko yana so a auna masa ko ya yarda da kwalbar.

Yana samun sauƙi ya ɗauki matacin shayina ya koma, wai zai kamo kifin ya ɗora a sikeli. Ya kamo shi kuwa, a rigarsa mai ɗige-ɗige. Kifin ya baje ƙayoyinsa ya maƙale a matacin, yana wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sifeto ya sa yatsa zai ɓanɓare shi. Babban yatsansa ya kumbura ya yi kamar ƙwan fitila, ya kwana uku yana ɗauke da shi sama kamar mai neman izinin magana. Ko a haka ya sauko da sabon labari: kifin har magana yake yi.

Na sayo kwado na datse ƙofar Yaya.

Washegari na dawo na tarar da jama'a a bayan gida sun ɗaga kai. Ashe Sifeto ya ari tsanin Saje ya shiga ta tagar kicin, yana shiga tsanin ya zame ya faɗi. Saje ya ce shi ba zai mayar ba sai matar gida ta zo, don a soja ba a sakin fursuna sai da izini. Tun hantsi yake can. Ga shi a taga, rabin jiki a waje, yana sanar da masu wucewa cewa yau inci bakwai ne. Wata mai sayar da kayan miya ta tambayi Tela ko a kira 'yan'uwansa. Tela ya ce 'yan'uwansa sun sani.

Da na buɗe masa ya biyo ni muka sauka. A wajen cin abinci ya kawo sulhu. Ya ce in ba shi rana ɗaya tak, Asabar. Zai tara shaidu, ya ɗaga tulun, a ɗauki hoto, daga nan ba zai sake taka bene ba har Yaya ta dawo. Na lissafa kifayen da suka rage, na tuna tsani ba ya wuyar aro. Na yarda, da sharaɗin ina wurin, inji yana kunne, kuma ba mai taɓa Tsoho.

Ranar Asabar da hantsi ya sa kwat ɗinsa ta aiki, wadda maɓallanta suka daina haɗuwa tun kafin ritaya. Ya jera kujerun Yaya layi-layi. Shaidu suka hau: Saje, Mai Kemis, Tela da matarsa, da mai hoton da ya ɗauko daga bakin kasuwa, da wasu maƙwabta da ba a gayyata ba amma sun ji labarin taga. Na ce kowa ya cire takalmi saboda kafet. Sifeto ya fito da akwatin duwatsun awonsa na tagulla, ya goge su, ya jera a kan katakon da ke rufe rabin akwatin kifin, daga ƙarami har babban mai kilo biyar. Na ce ya sauke su. Ya ce ba a zaman awo ba duwatsu a gaba.

Ya yi jawabi. Ya fara daga shekarar da ya kama aiki, ya bi ta kan wani mai gero da ya taɓa kamawa da mudu mai gindi biyu, ya ambaci waɗanda suka raina shi ba tare da ya faɗi suna ba, yana kallon Tela. Ya ce yau kifin yana rigarsa ta ratsin fari, ya gan shi da safe, amma kada kowa ya firgita in ya sauya a gabansu. Ya faɗi sunan da za a kira shi da shi, nasa sunan da wutsiyar Latin. Mai Kemis ya ce ya yi kama da sunan maganin tsutsar ciki, ya tambaya ko sau nawa ake sha a rana.

"Ku dai buɗe ido," in ji Sifeto. "Mai hoto, ka shirya. Shaidu, kun ga ban taɓa tulun nan ba sai yanzu?"

"Mun ga dai ka taɓa komai ban da shi," in ji Saje.

Ya hau kan 'yar kujera, ya naɗe hannun kwat, ya zura hannu har kafaɗa. Ya kama tulun ta gindi ya ɗaga.

Kifi uku suka fito. Mai ɗige-ɗige ya yi hagu, baƙin ya yi dama, mai ratsin fari ya tsaya a tsakiya yana motsa gashin baki, kamar wanda aka yaye wa bargo.

Matar Tela ce ta fara ƙirgawa a fili, da yatsa, a hankali.

Sifeto bai saki tulun ba. Ya ce a dakata, wannan ma wani sabon abu ne, yana yiwuwa kifin ya rabu uku ne saboda tsoro. Yana cikin faɗa mai ɗige-ɗigen, wanda bai manta da matacin shayi ba, ya nemi mafaka a cikin hannun kwat ɗin, ya baje ƙayoyinsa. Sifeto ya fizge hannu. Gwiwar hannunsa ta daki katakon, duwatsun tagulla suka gangara ɗaya bayan ɗaya, babban ya zo ƙarshe ya sami gilashin gaba. Aka ji ƙas, wani farin layi ya tsaga gilashin daga sama har ƙasa, sannan gaban akwatin ya buɗe gaba ɗaya.

A daidai nan mai hoto ya danna.

Ruwa ya kwashe layin gaba. Saje, wanda ya sha ba mu labarin yadda ya tsaya ƙyam a gaban igwa, shi ya fara hawa kan teburin Yaya. Mai Kemis ya zame ya zauna a cikin ciyayi. Takalman da aka jera a ƙofa suka bi matakala suka sauka ba masu su. Ni ban ga kowa ba, Tsoho nake nema. Na same shi a ƙarƙashin doguwar kujera, a kwance a gefe guda tsakanin fasassun gilashi. Na ɗauke shi a cikin gyalena na ruga banɗaki, na tara ruwa a baho, na jawo injin iska na saka masa.

Da na dawo an tsince masu gashin bakin. Ɗaya a cikin takalmin Saje da ya maƙale a bakin ƙofa, ɗaya a bayan labule, na ukun kuma Mai Kemis ya yanke hannun kwat da almakashin Tela kafin a raba shi da mai bincikensa. An zuba su a bokiti, ko ƙwarzane babu a jikinsu. Sifeto yana tsaye a kansu, hannun kwat ɗaya, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya leƙa bokitin ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Jama'a, ku shaida. Huɗu, bakwai, uku. Awona ko ɗaya bai kuskure ba."

"Awo kam ka iya, Sifeto," in ji Tela. "Ƙirga ce ta rage. Ɗaya, biyu, uku. In ka sami lokaci ka leƙo shago."

Saje ya sake tambaya ko ana cinsu. Wani ya tambayi sunayensu, tunda yanzu uku ne. Babu wanda ya sani a falon, har mai jawabin. Har yau ban sani ba.

Mutane suka sauka neman takalmansu. Mu ma da muka sauka muka tarar ruwan ya riga mu. Ya bi ta silin ya zubo a ɗakin kwananmu, a kan gefen gadonsa da littafin dabbobin da ke kan matashi. Gefena a bushe yake.

Tsoho ya kwana biyu a baho yana iyo a karkace. Ranar Litinin da safe na shiga da abincinsa a yatsa biyu, na tarar ya daina.

Na ce wa Sifeto dole a sanar da Yaya kafin ta dawo ta buɗe ƙofa. Na zaci zai noƙe, sai ya ce ai shi ya kamata ya rubuta, tunda shi ya jagoranci aikin. Ya cika shafi huɗu. Ya taya ta murna cewa binciken da ya gudanar a falonta ya tabbatar tana da kifi uku a inda ake zaton ɗaya, ya jera tsawon kowanne, ya ce kada ta damu da godiya, zumunci ya wuce haka. Can ƙasa, bayan gaisuwa ga maijego, ya ƙara da ƙananan haruffa cewa faffaɗan nan mai launin azurfa da wasu 'yan kaɗan sun riga mu gidan gaskiya, akwatin kuma yana buƙatar ɗan gyara. Ya ba ni in buga masa a ofis, ya ja mini kunne kada in taɓa masa ko waƙafi.

Ban taɓa masa waƙafi ba. Layin nan na ƙasa kawai na ɗauko na mayar da shi na farko, da manyan haruffa, sauran kuma na bar su suna biye da shi yadda ya tsara. Da na kawo masa na tambaya ko zai duba. Ya ce shi ba ya duba abin da ya riga ya auna. Ya sa hannu, ya rubuta muƙaminsa a ƙasa, ya ja layi biyu.

Na biya ta gidan waya a hanyar ofis, na liƙa kan sarki, na jefa ta a akwati.